Fita waje da sana'ar girki: amsa ga wani kuku daga Aboabo

Tambaya: Wani matashi daga Aboabo, a nan Kumasi, ya rubuto cewa ya tashi a gindin tukunyar mahaifiyarsa mai sayar da shinkafa da wake, daga baya ya yi shekara huɗu a kicin ɗin wani ƙaramin otal, amma ba shi da takardar makarantar girki. Wani ejan ya ce zai sama masa aikin kuku a Ingila, idan ta Ingila ta ƙi kuma a Dubai, muddin ya fara biyan kuɗi masu kauri. Yana tambaya ko ya sayar da babur ɗinsa ya biya, kuma wace hanya ce ta fi dacewa da mai sana'a irinsa.

Amsa: Ƙanena, amsar sashen farko na tambayarka gajeriya ce. Kada ka sayar da babur ɗin, kada kuma ka miƙa wa mutumin nan ko sidi ɗaya a yanzu. Sashe na biyu ne ke buƙatar dogon bayani, domin fita waje da sana'ar girki abu ne mai yiwuwa, yaran Zango da dama sun yi, ni ma na yi aiki a otal-otal na Accra da na yankin Tekun Fasha kafin na dawo gida. Sai dai waɗanda tafiyar ta yi wa kyau ba su fi sauran iya miya ba. Abin da suka fi su da shi shi ne tarihin aiki wanda mutumin da ke zaune a ofis a wata ƙasa, bai taɓa ɗanɗana abincinsu ba, zai iya bincikawa ya tabbatar, sannan wanda ya ɗauke su kamfani ne mai suna da adireshi, wanda hukumar ƙasarsa ta san da zamansa.

Mu fara da Ingila, tunda da ita aka ja hankalinka. Ba a shiga Birtaniya aikin girki sai da bizar ƙwararrun ma'aikata, ita kuwa ba ta samuwa sai wani kamfani mai lasisin ɗauko ma'aikata daga waje ya ba ka lambar shaidar ɗaukar nauyi. A watan Afrilun 2024 gwamnatin ƙasar ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, wanda ya fi ƙarfin yawancin gidajen abinci ga kuku mai matsakaicin matsayi. A ranar 22 ga Yulin 2025 aka sake ɗaga shi zuwa fam 41,700, aka kuma mayar da bizar ta ayyukan da ke matakin digiri, sai aikin kuku ya faɗi daga jerin ayyukan da ake ɗauko sababbin mutane a kansu. Saboda haka duk wanda ya zauna a wani shago a Adum ko Asawase yana yi maka alkawarin bizar kuku zuwa Ingila, ko dai bai san dokar ba, ko kuma ya sani yana fatan kai ba ka sani ba. Dokokin shige da fice suna sauyawa, gaskiya ne, amma gwamnatin Birtaniya tana wallafa su a shafinta na intanet tare da sunayen kamfanonin da ke da lasisi, kowa na iya karantawa kyauta.

Kalmar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ita ce "idan ta Ingila ta ƙi, a Dubai". Mai aiki na gaske a hannu ba ya magana haka. Yakan ce otal kaza, a gari kaza, yana neman kuku a sashe kaza, ga albashin, ga ranar da babban kuku zai yi hira da kai ta bidiyo. Wanda bai san ƙasar da zai kai ka ba, cinikin biri a sama yake so ku yi. Abin da aka saba gani shi ne a sa yaro a jirgi da bizar yawon buɗe ido, a ce in ya sauka za a mayar da ita ta aiki. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, laifi ne a yi aiki da bizar ziyara, kuma idan kwanakinta suka ƙare tara ce ke hawa kanka kullum, ba kan ejan ba. Dokar ƙwadagon ƙasar, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2022, ta hana mai ɗaukar aiki karɓar kuɗin ɗauka daga ma'aikaci, kai tsaye ko ta hannun wani, ta kuma hana shi riƙe fasfo ɗinsa. A nan gida, Dokar Ƙwadago ta 2003 ta wajabta wa kamfanin sama wa mutane aiki ya mallaki lasisi, kuma Sashen Ƙwadago ne ke riƙe da sunayen masu lasisin. Wahalar da 'ya'yanmu suka sha a hannun irin waɗannan dillalai ce ta sa gwamnatin Ghana ta dakatar da ɗaukar 'yan aikin gida zuwa ƙasashen Tekun Fasha a 2017. Akwai kuɗin da ya halatta ka kashe daga aljihunka, kamar na fasfo, na takardar 'yan sanda mai shaida cewa ba ka da laifi, na gwajin lafiya da katin rigakafin shawara. Kowannensu yana da ofishinsa da rasitinsa, kuma kai da kanka za ka je ka biya.

Yanzu ga abin da ake dubawa. Idan takardunka suka isa teburin babban kuku a wani otal na Doha ko Dubai, tambayarsa ta farko ita ce a wane kicin ka yi aiki, ƙarƙashin wa, a wane sashe, kuma mutum nawa kuke ciyarwa a dare ɗaya. Shekarunka huɗu a ƙaramin otal suna da daraja idan akwai wasiƙa a kan takardar otal ɗin mai ɗauke da ranar da ka fara, matsayinka, ayyukanka, da lambar waya ko imel ɗin da za a kira a amsa. Idan babu, a idon ofishin jakadanci shekarun nan ba su faru ba. Je ka duba ko mai otal ɗin yana zuba maka kuɗin asusun fanshon ma'aikata na SSNIT, domin takardar bayanin SSNIT shaida ce ta hukuma da ke nuna wata nawa ka yi a wuri, kuma ba a ƙirƙirarta a shagon kwamfuta. Idan a hannu ake biyan ka, roƙi a riƙa tura albashin ta banki daga wannan watan.

Rashin takardar makaranta ba ƙarshen magana ba ne. Hukumar kula da koyar da sana'o'i ta ƙasa tana yi wa waɗanda suka koyi sana'a a bakin aiki jarrabawar gwajin ƙwarewa, ba sai sun koma aji na shekaru ba, girki kuwa yana cikin sana'o'in da take gwadawa. Wanda ke da sakamakon sakandare mai kyau yana iya neman babbar difloma a fannin otal da girki a Jami'ar Fasaha ta Kumasi ko ta Accra. A ra'ayina, ga mai shekara huɗu a bakin murhu, satifiket ɗin gwajin ƙwarewa da na tsabtar abinci, haɗe da shekara biyu a babban otal mai suna, sun fi dogon karatu saurin kai shi inda yake so. Manyan otal-otal na Accra, musamman rassan kamfanonin duniya, suna aiki da tsarin da za ka tarar a waje, kuma sunan da ke kan wasiƙarsu suna ne da babban kuku a Doha ya sani. Ko da za a mayar da kai mai yankan albasa a can, karɓi aikin.

Dalilin wannan shawara shi ne gwajin hannu, wanda kusan kowane kicin mai daraja ke yi wa sabon kuku, ko kafin ɗauka ko a makonninsa na farko. Za a ajiye maka kaza guda, albasa, ƙwai, ɗan man shanu da kayan lambu, a ce ka fitar da abinci cikin awa ɗaya. Yaro yakan zaci ɗanɗano za a duba, sai ya duƙufa kan tukunya, alhali babban kuku yana tsaye a gefe yana kallon wasu abubuwa dabam. Yana duba ko ka wanke hannu kafin ka taɓa komai, ko ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle ƙarƙashin katakon yanka don kada ya zame, ko ka ɗauki jan katako don ɗanyen nama ka canza zuwa kore kafin ka taɓa ganye. Yana kallon ƙashin kazar bayan ka rarraba ta, nama nawa ka bari a jiki, kuma ko ka jefa ƙashin a shara ko ka ajiye shi don romo. Yana duba ko albasar da ka yanka girmanta ɗaya. Idan kazar ta nuna, yana jira ya ga ko za ka soka ma'aunin zafi a wurin da ya fi kauri ka tabbatar ya kai digiri 75, ko kuwa za ka danna ta da yatsa ka ce ta yi. Kafin ya kai cokali bakinsa ya riga ya yanke hukunci, daga yadda teburinka yake a lokacin da ka ce ka gama.

Waɗannan lambobi su ne harshen kicin na duniya, kuma dole su zauna maka a ka. Firiji ba ya wuce digiri 5, injin daskarewa yana kan 18 ƙasa da sifili, abincin da ke jiran masu ci ana riƙe shi a digiri 63 ko sama. Duk roba da ta shiga firiji tana ɗauke da sunan abin da ke ciki da ranar da aka yi shi, wanda ya riga shiga shi ke riga fita, ɗanyen nama kuma a can ƙasa yake zama don kada ruwansa ya ɗiga kan dafaffe. Ana rubuta zafin firiji a littafi safe da yamma, mai binciken hukuma kuwa littafin yake fara buɗewa. Wannan tsari, wanda ake kira HACCP, shi ne abin da za a fi tambayar ka a hira ta bidiyo.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu 'yan Zango fiye da kowa, wato abincin da jikin wasu mutane ba ya karɓa. A Birtaniya da Tarayyar Turai doka ta lissafa abubuwa 14 da dole a sanar da mai ci idan suna cikin abinci, daga cikinsu akwai gyaɗa, riɗi, kifi, jatan lande, ƙwai, madara da alkama, kuma manyan otal-otal na ko'ina suna bin wannan jeri. Dubi girkinmu da wannan ido. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, shito, miyar barkonon nan tamu, cike yake da busasshen kifi da jatan lande, man gyaɗa kuwa muna suya da shi ba tare da mun ɗauke shi wani abu ba. Akwai mutanen da cokalin da ya taɓa miyar gyaɗa, aka ɗauraye shi sama-sama aka juya wata miya da shi, ya isa ya toshe musu numfashi cikin mintuna. Idan mai kai abinci ya shigo ya ce tebur na bakwai akwai wanda ba ya cin gyaɗa, sabon katako, sabuwar wuƙa da sabon kasko ake ɗaukowa. Kuku da ya ce "ɗan kaɗan ne, ba zai yi komai ba" ya gama aiki a ranar.

Ga mai irin tarihinka, ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce otal-otal da kamfanonin dafa abinci na Dubai, Abu Dabi, Doha da Saudiyya, kuma ka shirya wa komawa ƙasan tsani. Wanda ake kira oga a kicin ɗin mutum biyar a Kumasi, ƙaramin mataimaki zai zama a kicin mai mutum sittin, ƙarƙashin shugaban sashe, shi kuma ƙarƙashin mataimakin babban kuku. Abokan aikinka za su kasance 'yan Indiya, Nepal, Filifin, Siri Lanka da Masar, da Turanci ake kiran oda, cikin sauri da hayaniya, saboda haka Turancin aiki ya fi maka Larabci amfani a farko. Ba ƙasƙanci ba ne, domin a nan ake koyon abin da ƙaramin otal ba zai taɓa koya maka ba, kuma mai hannu da tarbiyya yana hawa.

Inda ake cutar mutane da yawa, har a hannun kamfanoni na gaske, shi ne karatun kwantiragi. Albashi a can kashi-kashi ne: akwai tushen albashi, akwai alawus na gida, abinci da mota. Lambar da ejan zai faɗa maka ita ce jimilla, amma kuɗin sallama da na ƙarin lokaci a kan tushen ake lissafa su. A Daular Larabawa, wanda ya cika shekara yana da kuɗin sallama na kwana 21 na tushen albashi a kowace shekara cikin biyar na farko, kwana 30 a kowace shekara bayan haka, da hutun kwana 30 a shekara, kuma lokacin gwaji ba ya wuce wata shida. A Katar, tun Maris 2021, mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai ba da su ba, kuma tun 2020 ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki ba tare da takardar amincewar mai gidansa ba, in ya ba da sanarwar wata ɗaya, ko wata biyu idan ya haura shekara biyu. Doka ta ce awa 48 a mako, amma ba zan ɓoye maka ba, a lokacin cunkoson baƙi kicin yana wuce haka, don haka ka tambayi yadda ake biyan ƙarin lokaci. Ka tambayi mutum nawa ne a ɗaki, wa ke biyan tikitin zuwa da na hutu, ko ma'aikatan kicin suna da kaso a kuɗin hidima da ake ɗora wa baƙi. Sannan ka zauna da biro ka cire abin da za ka kashe, ka mayar da ragowar sidi, ka gwada da abin da kake samu yanzu haɗe da abin da babur ke kawowa. Wani lokaci bambancin shekarar farko bai kai yadda ake zuzutawa a majalisa ba, ribar tana cikin sunan otal ɗin da zai hau takardarka.

Kafin duk wannan, je asibiti a nan gida, ko Komfo Anokye ko wani amintacce, a gwada jininka da ƙirjinka. Ƙasashen Tekun Fasha suna gwada sabon ma'aikaci cutar HIV da tarin fuka, masu taɓa abinci kuma har da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu kuma mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Wanda bai tsallake gwajin ba ana mayar da shi gida, kuɗin da ya kashe kuwa sun tafi. Idan ba ka da ciwon hantar, yi allurar rigakafinsa tun yanzu.

Ban san yadda kake riƙe da addininka ba, amma tunda daga Aboabo kake, ka yi tunanin naman alade da giya tun kafin ka sa hannu. A Turai da jiragen ruwa suna cikin girkin yau da kullum, kuma kuku yana ɗanɗana abin da ya dafa. A Saudiyya wannan matsala ba ta taso ba, a Dubai kuma otal ɗin da ke da izinin sayar da alade yana ware masa wuri da kayan aiki dabam, sai dai wasu miyun Turawa da giya ake haɗa su. Faɗi matsayinka a lokacin hira, a fili kuma cikin ladabi, ka nemi sashen da ya dace da kai, kamar gashi, burodi ko abincin Larabawa. Hukuncin abin kuma malaminka za ka tambaya, ni kuku ne.

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa hanya ce ta biyu da mutanenmu ba su cika dubawa ba. Ana buƙatar horon kare kai a teku, wanda ya ƙunshi kashe gobara, taimakon gaggawa da tsira a ruwa, ana kuma yin sa a Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki da ke Nungua a Accra, sannan Hukumar Harkokin Teku ta Ghana ta ba ka littafin ma'aikacin jirgi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin sama wa ma'aikacin jirgi aiki. Ci da kwana kyauta ne, don haka ana tara kuɗi, amma watanni ne a jere ba ranar hutu. Jamus kuma tana ɗaukar matasa koyon girki na shekara uku ana biyan su alawus, sai dai sai da Jamusanci, yawanci matakin B1, wanda ake koyo a Cibiyar Goethe da ke Accra, kuma akwai cibiyar haɗin gwiwar Ghana da Turai kan ayyuka da ƙaura a Accra mai ba da shawara kyauta. Kanada ta tsaurara ɗaukar ma'aikata masu ƙaramin albashi tun Satumbar 2024, kuma dalar Kanada 1,000 na takardar izinin ɗauko ma'aikaci daga waje mai kamfani ne ke biya, haramun ne ya ɗora wa ma'aikaci.

Girkin Hajiya mahaifiyarka kuwa, kada ka raina shi, amma ka san lokacinsa. Ba shi zai sama maka biza ba, shi ne zai bambanta ka da sauran bayan ka zauna da gindinka, ranar da babban kuku zai ce kowa ya kawo abincin ƙasarsu. Kafin ranar, sayi ƙaramin sikeli ka zauna kusa da ita. Auna shinkafar da waken da giram, auna karan dafin da ke ba da jan launi, auna kanwa da ruwa, rubuta minti nawa wake ke yi kafin a zuba shinkafa, ka lissafa kuɗin faranti ɗaya. Haka za ka yi wa tuwon zafi da miyar ayoyo, da yajin tsire. Abincin da ke rubuce, wanda wani kuku zai iya bi ya fitar da irinsa ranar da kake hutu, shi kaɗai ke hawa jerin abincin otal.

Game da ejan ɗin, koma wurinsa tare da wani babba daga gidanku, ka nemi lambar lasisinsa ta Sashen Ƙwadago, sunan otal ɗin da garin da yake, takardar tayin aiki mai ɗauke da sunanka da lambar fasfo ɗinka, da irin bizar da za a buga maka. Idan Dubai ce, takardar tayin tana da lamba da ake dubawa a shafin ma'aikatar ƙwadagon ƙasar. Sannan ka nemo lambar otal ɗin da kanka daga shafinsu, kada ka yi amfani da wadda ya ba ka, ka kira ofishin ma'aikata ka tambaya ko sun san shi. Manyan kamfanonin otal suna tallata guraben aikinsu a shafukansu, kuma kana iya nema kai tsaye daga wayarka ba tare da ɗan tsakiya ba, da zarar wasiƙun aikinka da satifiket ɗinka sun kammala.